Maƙwabcin da ke jira in idar da salla

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ba zan ƙara ko kalma ba, don ni mutum ne mai tsoron ƙarya. Shekarun baya ne, lokacin da wani likita ɗan garinmu ya yi mini hanya na zo Manchester, ina yankan nama a wani shagon halal a Longsight, tunda sana'ar gidanmu ce. Ɗakin da na kama a bayan shagon yake, cikin jerin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, in ya yi tari sai ka ce masa sannu.

Sai na gaya muku matsalata kafin ku gane labarin. Ni waswasi ne ya yi mini katutu tun ina saurayi. In na yi alwala sai in sake, in na kabbarta salla sai in ji kamar ban yi niyya ba, a tsakiya kuma in rasa raka'a ta nawa nake. Ƙabli da ba'adi sun zame mini kamar cin abinci. Har na fara tsoron ko ina da salla ɗaya karɓaɓɓiya a duniya, kuma wannan tsoron ya fi komai cin raina.

Tun makon farko na lura da wasu 'yan robobi masu kusurwa uku, kamar farcen babban yatsa, a cuccushe a tsagar bulon ƙofar maƙwabtanmu, ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Na ce shi ke nan, har ƙasar Turawa ma ana sammu! Na riƙa tsallaka titi ina addu'a don kada inuwata ta taɓa wurin. Wasu ranakun kuma sai in ga Turawa masu furfura da dogon gashi sun tsaya shiru a bakin ƙofar, su cusa nasu, su tafi.

To, da la'asar nakan dawo ɗaki in yi salla. Hasken garin nan kun san shi, toka-toka, yayyafi na bin gilashin taga a hankali. Ina shimfiɗa darduma sai kiɗan jita ya taso ta bango. Ba irin mai hayaniyar nan ba. Siriri ne, yana tafiya kamar ruwa a kwalbati bayan an ɗauke sama, ya hau, ya sauko, ya yi kamar zai yi magana ya fasa. Astagfirullah, daɗi gare shi. Sai in tsinci kaina a ruku'u ina bakin rafin garinmu, ina kallon mahaifiyata tana wanki, in ɗago ban san ko Fatiha na karanta ba. Haka kullum. Sallar da da ma a rarrafe take, ta ƙarasa watsewa.

Na daɗe ina shawara da zuciyata, don ina gudun shiga haƙƙin maƙwabci, kuma Turancina bai kai na faɗa ba. Wata rana dai da na sake kabbara har na gaji, hawaye ya cika mini ido, na sa hannu na ƙwanƙwasa bangon a hankali, na ce da Hausa, "Don Allah maƙwabci, bari in yi salla."

Kiɗan ya tsaya cak. Na ji kamar an yi wata 'yar magana can ciki, ban gane ba.

Wallahi ban taɓa salla irin ta ranar ba. Sanin cewa wani na jirana ya sa hankalina ya tattaru wuri guda, raka'a huɗu suka zo a jere, tsaf, babu kokwanto. Ina yin sallama, kiɗan ya ɗora daga daidai inda ya tsaya. Daga nan ya zama al'ada: in ƙwanƙwasa, ya yi shiru, in idar, ya ci gaba, ni kuma in zauna a kan darduma ina lazimi, ina kallon ruwa a taga.

Na ce mutumin kirki irin wannan ya cancanci godiya. Na yanki tsoka mai kyau ta rago na je na buga ƙofar. Wata tsohuwar Baturiya ta buɗe, siririya, da rigar sanyi. Da ɗan Turancina da hannu na nuna mata ina gode wa mai kiɗan. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in shigo.

Ta hau da ni sama, ɗakin da ke manne da nawa. Gado ne ɗan ƙarami a gyare, da hoton wani saurayi mai gashi har kafaɗa ya sunkuyar da kai, sai jita a jingine a kusurwa. Ko tsirkiya ɗaya babu a jikinta. Ta ce ƙaninta ne, ita kaɗai ke gidan, shi kuma ya rasu tun tana da ƙuruciyarta. Sunansa ba zan kama ba, don ban nemi izininta ba. Abin da na tsinta a maganarta, ubansu makanikin bas ne, yaron shi ya koya wa kansa kiɗa a wannan ɗakin, ya yi suna har ƙasashe, amma don kunya bayansa yake juya wa 'yan kallo in yana wasa. Bai kai talatin ba mota ta kife da shi da abokan kiɗansa a hanyar dawowa daga Birmingham. 'Yan robobin nan kuwa abin kaɗa jita ne, masoyansa ke kawowa. Na ajiye mata naman na fito.

Ban gaya wa kowa ba. Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan wani ɗan'uwan Likita a unguwar Balsall Heath, can Birmingham, aka haɗa ni da Nura, ƙanen matar Likita da ke karatun digiri na uku, mu tafi suna a motarsa. Muna kan babbar hanya, ruwa na zuba, ya kunna kiɗa. Tsigar jikina ta tashi.

Na ce, "Nura, wannan fa?"

Ya yi dariya. "Kawu, kai da ko rediyo ba ka so? Wannan ai legend ne, gwani na gwanaye. Duk wanda ke koyon jita a uni, a jami'armu, da shi yake farawa. A layinku ma ya tashi, you know. Wannan shi ne na ƙarshe, a ɗakinsa ya ɗauka a kaset, bayan ya mutu aka fitar. Tsaya ka ji wurin da ake ta musu a kai."

Kiɗan ya hau, ya sauko. Sai na ji an ƙwanƙwasa bango a cikin kiɗan. Ni na san hannuna, jama'a, yadda kowa ya san tarinsa. Jitar ta tsaya, wata murya mai sanyi ta yi magana.

Na ce, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi, to maƙwabci, yi abinka, zan jira. Abin mamakin, an ce lokacin gidan da ke jikin nasu kango ne, council, wato hukumar gari, ta rufe shi, babu kowa a ciki. Shirun da tsawo, bari in wuce shi."

Na riƙe masa hannu na ce ya bari. Na rufe ido, na kawo sallar la'asar a zuciyata, da irin saurin da na saba, Fatiha da sura, ruku'u da sujada, har tahiyar ƙarshe. Babu abin da ake ji sai abin share gilashi yana kai da komo. Ina cewa assalamu alaikum a raina, jitar ta ɗora.

"Kawu, lafiya? Ko in tsaya ka sha iska?"

Na ce masa sanyi ne. Lokacin da aka ɗauki kaset ɗin nan, ni ko firamare ban shiga ba.

Da na dawo Manchester ban ƙara jin kiɗan ba, ban kuma ƙara taɓa bangon ba. Na tambayi wani malami, ya ce in yawaita azkar in bar bincike. Aljani ne, ko me ne ne, Allah Shi ya sani. Waswasin dai ya tafi, bai dawo ba har yau, ni kuma na rasa ko in yi murna ko in ji tsoro.

Shawarata, in kun kama ɗaki a tsofaffin gidajen nan, ku shiga da bismilla, kuma in za ku yi wa na bayan bango magana, ku yi da ladabi, don ba ku san wa ke amsawa ba, ko daga wane zamani. Ni dai na bar unguwar da daɗewa, amma har gobe in na yi sallamar la'asar, sai na ɗan yi jim ina saurare.