Ƙafar Tela Ta Yi Shiru

Yayata aikinta sauraron ciwo ne, kuma ba wasa nake ba. A ɗakin binciken da take aiki, sai a yi wa ɓera allurar barci, a buɗe ƙashin bayansa, ita kuma ta zura wata waya siririya kamar gashi cikin lakarsa. Wayar na haɗe da lasifika. In ta matse ƙafar ɓeran, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, jijiya na kai saƙon zafi. Ɓeran da jijiyarsa ta lalace kuwa, ko da burushi mai laushi ta shafa shi, lasifikar sai ta ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano.

Na raka ta sau ɗaya, ban ƙara ba. Ɗakin ba taga, ga sanyi, ga wannan ƙarar. 

A gida kuma ga mijinta, tela ne mai ciwon suga, mai taurin kan tsiya. Ƙafafunsa suka fara zugi har mayafi ba ya iya taɓa su. Kullum ta tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Asibiti kuwa sai an gama ɗinkin mutane, ɗinkin da ba ya ƙarewa. Ni dai ya ishe ni.

"Yaya, ki kai shi wurin aikinku ki jona masa wayar nan mana," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Tsoro take ji kada ya rasa ƙafar, ta kuma faɗa masa ya fi a ƙirga.

Wata safiya na je gidan, na tarar da shi yana zagaya falo ba takalmi, bakinsa har kunne.

"Ƙanwata, na warke," ya ce da ni. "Kwana biyu ke nan ko ɗigon zafi babu."

Har na fara yi masa barka, sai na ga Yaya tana kallon ƙasa. Duk inda ya taka, jan tabo ne a kan siminti.

"Maigida, zauna," ta ce a hankali.

Ta ɗaga ƙafarsa ta dama. Allurar keken ɗinki ce ta shige tafin, ƙarshenta kawai ake gani. Ta kama, ta zare ta gaba ɗaya. Shi kuwa yana ta ba ni labarin wani mai riga da ya dame shi.

Da ya gama ya leƙo yana murmushi.

"Wai me kike nema ne a nan?"