Gidaje Tara da Suka Rage a Layi

Shekarun baya, a wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aikin wucin gadi a Tanut. Aikinmu shi ne shiga ƙauyuka mu rubuta gidajen da za a ba tallafin hatsi. Kowane mai gida sai an ɗauki hotonsa a ordinatar, wato kwamfuta, an sa sunansa da yawan bakin da yake ciyarwa. Wanda bai shiga ba, ba shi cikin rabo.

Ranar da za mu fita, ordinatar biyu suka rage a biro, wato ofishinmu. Ɗaya babba ce, baƙa, mai nauyi. Ɗayar ƙarama ce, shafal kamar littafin ɗan makarantar lekol. Abokina, wanda shi ke kula da na'urorin biron, ya ce in ɗauki ƙaramar. Ya yi karatun lantarki a Damagaram, kuma idan ya fara zancen ƙwaƙwalwar na'ura ba ya gajiya. Ya yi mini bayani cewa masu ƙera ƙwaƙwalwar ƙaramar da gangan suka tsara ta ta riƙa cin wuta kaɗan: idan aiki ya yi sauƙi ta rage gudu, ɓangaren da ba a buƙata ta kashe shi. Shi ya sa ba ta zafi, ko fanka babu a cikinta. Babbar kuwa an yi ta ne don mai zama kusa da soket.

Na saurare shi, na yi dariya. Gaskiyar magana, so nake in sauka daga mota a ga ma'aikaci ya zo. Na ce masa ni ba zan shiga gaban maigari da abin wasan yara ba. Ya ce, "To, ka dai lura da batir." Na ɗauki babbar.

Kwana biyun farko garuruwan da muka je akwai wurin caji, ban ga matsala ba. A rana ta uku mota ta ajiye ni a wani ƙauye gaba da Belbeji, wajen Tarka, ta wuce da sauran abokan aikina, sai la'asar za ta dawo. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin aduwa. Mutane suka yi layi cikin rana.

Tun hantsi fankar ta fara kuka, ƙasan na'urar yana ƙona mini cinya. Na rage hasken fuskarta har da ƙyar nake ganin rubutu, na daina amsa doguwar gaisuwa. Duk da haka kafin azahar ta mutu a hannuna. Na ƙirga waɗanda suka rage: gidaje tara. Garin ba wuta, ba mai fano, faifan nan mai ba da wuta daga hasken rana.

Na ciro takarda na rubuta sunayensu da hannu. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce. Ta ce ƴaƴanta maza biyu sun tafi arewa neman aiki, shiru har yanzu, jikoki biyar ne a hannunta. Ta dubi takardar, ta dubi na'urar da na rufe, ta ce, "Ɗana, su an ɗauke su hoto. Ni wannan ya isa?"

Na ce, "Ya isa, Inna. Kin shiga."

Bai isa ba. Da na koma biro aka ce suna ba hoto ba ya shiga, kuma a ranar ake rufe rajistar yankin. Shugabanmu ya ce za a duba idan an yi zagaye na biyu. Na yi ta tuna masa har na fara jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ba a yi zagayen ba.

Bayan wata biyu aka kai hatsin, kuma ni aka ba karatun sunaye. Na hango ta zaune a gefe da buhu a naɗe a cinyarta. Duk sunan da na kira sai ta ɗan ɗago kai. Da na gama, mutane suka fara watsewa da jakunansu, ta taso a hankali ta tambaye ni ko na tsallake ta ne. Na ce mata na'ura ce ta mutu a ranar nan, shi ya sa. Ta ce ba laifina ba ne, Allah bai rubuta mata ba. Har ta sa mini albarka saboda wahalar da na sha.

Maigari ya sa waɗanda suka samu suka ɗan tsakuro wa gidajen taran, amma kowa ya san ba zai kai su ko'ina ba. Da na koma garin bayan shekara, na tarar da gidanta an toshe ƙofar da ƙaya. Wani ya ce ta bi ƴar'uwarta kudu da jikokin, wani ya ce Agadas ta nufa. Ba wanda ya tabbatar.

Abokina bai taɓa tayar mini da maganar ba, har muka rabu da aikin. Na sha ba mutane labarin nan a matsayin darasi kan zaɓen kayan aikin da ya dace da daji, kuma haka ne. Amma ba shi ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne na samu dama in ce mata, "Inna, ni na jawo miki," sai na ɗora wa ƙarfe. Ta tafi tana ganin ni mutumin kirki ne, kuma ban san inda zan same ta in gyara ba.