Hanjin Baba da Rariyar Inna

Bakori zuwa Samaru

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da mahaifina. Damina ce, a shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun irinmu. Baba yana fama da zazzaɓi da ciwon mara ta gefen hagu, kuma ba wannan ne karon farko ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce basir ne, ya ajiye nasa ƙullin magani. Har na masu lasifika a kasuwa ya sha, ya yi ta gudawa, ya rame. Malamin asibitin garinmu ne ya ja ni gefe ya ce in ba mu kai shi Zariya ba, wata rana sai an yanke masa hanji. Wannan maganar ce ta tayar da ni tsaye.

A Funtuwa muka canja mota. Na biya kujerun gaba duka biyu don ya samu ya miƙe ƙafa. Kowane rami muka faɗa sai in ga ya runtse ido. Kusa da Giwa 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya ce, "Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi, gumi na tsiyaya daga hularsa. Baba ko a bakin kabari ka tambaye shi, da sauƙi zai ce maka.

Da hantsi muka sauka Samaru, gidan ƙanwarsa Gwaggo Talatu, mai sayar wa ɗalibai abinci. Ta kwance kwanon da Inna ta ɗauro mana, ta ga tuwon masara fari fat, sumul kamar an goge.

"Yaya, wannan tuwo ne ko alewa ne? Matan nan naka ta gama shagwaɓa ka."

Baba ya yi murmushi, amma ko loma ɗaya bai iya kaiwa ba.

Sabon Gari

Washegari muka shiga bas, muka bi ta Palladan zuwa Sabon Gari, don Baba ba zai iya zaman acaɓa ba. Asibitin da Gwaggo ta kwatanta mana yana bayan layin masu kayan mota. Likitar mace ce, iyayenta 'yan kudu, amma a nan aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi tawa gudu. Ita ma da sauƙi ya ce mata. Ba ta yi musu ba, ta dai danna masa mara, sai ga dattijo ya zabura yana salati.

Aka ɗebi jini, aka duba cikin da na'ura, ta ba shi gado. Ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, abinci kuwa sai ruwa-ruwa. Da zazzaɓin ya sauka ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce alamu sun nuna bangon babban hanjinsa ya yi 'yan aljifai, irin ƙullutun da tsohon tiyob ɗin keke ke yi. Hakan kan faru ga mai shekaru in hanji ya daɗe yana yunƙurin tura busasshen bayan gida. In ƙazanta ta maƙale a ciki, sai su kumbura. Sannan ta tambaye shi me yake ci.

Nan Baba ya gyara zama, don an zo wurin alfaharinsa. Shayi da burodi da safe. Da dare tuwon masara, wanda Inna ke sa a surfe sau biyu, ta tankaɗe da kanta sau biyu.

"Dusar fa?"

"Ta awaki ce."

"Ganye fa, zogale ko rama?"

"Likita, mi ya haɗa ni da ganye? Ni ba akuya ba ne."

Ta yi dariya ta ce, "To Baba, awakin gidanka ne ke cinye maka magani."

Ta ce yanzu ya tsaya kan abinci mai laushi har ya gama ƙwayoyin da za ta rubuta. Bayan nan, a hankali, a fara tuwon dawa ko gero da dusarsa, da wake, da zogale, da kuɓewa, da gwanda, kuma ya riƙa shan ruwa sosai. Maganin wankin ciki na kasuwa kuwa ya rabu da shi. In ya ga jini ko zazzaɓi ya dawo, kada mu jira gari ya waye. Bayan 'yan makonni mu koma a ɗauki hoton hanjin a tabbatar. Aljifan ba za su ɓace ba, in ji ta, amma in ya kiyaye, da yardar Allah ba sai an kai ga wuƙa ba.

Samaru kuma

Na yi zaton zai yi murna. Amma da aka sallame mu sai ya haɗe rai tun daga Sabon Gari har gidan Gwaggo. Na ce a raina taurin kan tsufa ne, har na fara shirya faɗan da zan yi masa cikin ladabi. Da la'asar muna zaune a tabarma ya ce da ni, "Ba cin ne ya dame ni ba. Wa za shi gaya wa uwarku?"

Ashe shekarar da suka yi aure an yi fari. Hatsi ya ƙare, dusa suka riƙa tuƙawa suna ci har kaka. Inna tana amarya ta yi rantsuwa cewa muddin Allah ya kawo wadata, dusa ba za ta sake shiga bakinsa a ɗakinta ba. Na tashi ina ganin tankaɗen nan kullum, ina ɗauka tsabar iyayi ne. Kunya ta kama ni, tausayinsu ya cika min zuciya.

Gwaggo ta ce, "A bar ni da ita, ni zan faɗa mata."

"A'a," in ji Baba. "Ni aka yi wa alkawarin."

Gida

Mun iso Bakori dab da magariba, hanya lafiya lau, sai yayyafin da ya same mu a Funtuwa. Muka tarar da Inna a tsakar gida, rariya a hannu, tana shirya masa tuwon maraba. Baba bai ko cire takalmi ba ya faɗa mata duk abin da likita ta ce, bai rage komai ba.

Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin rariyar. "Dusa, Malam? Ashe duk shekarun nan ni ke cutar da kai?"

"Ke kika raya ni da ita waccan shekarar," in ji shi. "Yanzu ma ke nike roƙo."

Ta goge ido da bakin zane, ta shige madafa. Na kwanta ban san inda ta tsaya ba.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Gwaggo da likitar nan, Allah ya saka musu da alheri. Da gari ya waye na ji awakinmu suna ta kuka a turke. Ba a kai musu dusa ba.