Ranar da Ganga Ta Kira Gide

Gide taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da ikon faɗin nasa ko ba ya so. Tun muna yara a Pauwa haka yake: ka ba shi abu kyauta, sai ya yi ta sunne kai kamar sata ya yi. Mahaifinsa, marigayi Malam Sadiq, manomi ne da ake ji da shi. Da gonar gado ta yi wa 'ya'ya kaɗan, sai Gide ya koma Ƙanƙara ya kama aiki a wani kamfanin niƙa farar ƙasa. Kullum yakan dawo fari fat har gashin ido, ni kuwa in ce ga fatalwa nan tafe.

Farkon daminar bara bel ɗin injin ya fizge shi, hannun dama ya karye. Kamfani ya kai shi asibiti aka yi ɗori. Manaja ya ce haƙƙinsa ne, wanda ya ji rauni a bakin aiki ana ci gaba da ba shi kaso mai tsoka na albashi har ya warke. Sharaɗi ɗaya ne: kada hannun ya taɓa aiki sai likita ya sallame shi. In aka gan shi yana aiki, an ɗauka ya warke, biya ya tsaya.

Wani da murna zai yi, ban da Gide. Mutane na wucewa gona da safe, fartanya a kafaɗa, suna ce masa sannu da hutawa, shi kuwa sai ya ji kamar ya nutse. Har zama ƙofar gida ya daina. Na je duba shi ya ce, "Mi na yi masu da za su biya ni? Ina kwance ina cin abin da ban yi wa zuhwa ba."

Na ce, "Ai da ƙashinka ka biya, sakarai." Bai ko yi dariya ba.

Ana nan sai surukinsa, Alhaji Mas'udu na 'Yargoje, ya kira gayyar huɗa. Matar Gide, Hamida, ɗiyar Alhajin, ta roƙe shi kada ya je. Ya ce gayyar suruki ba a rasa miji a wurin, goro kawai zai kai ya zauna a inuwa. Ya kuwa zauna, har sai da mai gangar noma ya hango shi. Ya matso, ya saki kiɗan Malam Sadiq, yana tambaya ko gidan nan maza sun ƙare. Ga Alhaji tsaye a bakin gona, ga idon jama'a. Gide ya kwance majanyin da ya rataye hannun, ya karɓi garma.

Ya yi kunya guda ana guɗa, a ta biyu ya durƙushe. Samari sun riga sun ɗauka a waya, sun watsa don yabo, har ta kai ga manaja. Likita ya ce ɗorin ya goce, kamfani kuma ya ce wannan karon ba a bakin aikinsu ya karye ba. Biya ya tsaya. Na yi fushi da shi ƙwarai, amma da na ga yadda ya rame sai na haƙura.

Da kaka ta yi, Alhaji da kansa ya ɗoro buhun masara a mashin, da rana tsaka, mutanen unguwa na kallo. Gide na jin sallamarsa ya shige ɗaka. Alhaji bai nemi ganinsa ba. Daga zaure ya ɗaga murya ya ce wa ɗiyarsa, "Ki ce ma shi daga gonar nan ta fito. Ba kyauta ba ce, ladan kunyar da ya huɗa ne."

Hamida ta tuƙa tuwo da ita. Ina wurin aka kawo. Gide ya daɗe yana kallon kwanon, ga yara sun zuba masa ido, ba mai sa hannu sai ya fara. Ya ce bismilla, ya kai hannun dama, yatsun suka ƙi rufuwa a kan loma. Sai Hamida ta tashi ta kawo masa cokali.