Jif ɗin Baba da Ɗakin Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Kofur Hamisu Direba, Allah ya jiƙansa da rahama. Wanda ya zauna a tsohuwar unguwarmu a Dutse zai tuna shi: dogon dattijon nan mai hannu baƙi ƙirin da man inji, wanda ko ɗaurin aure za shi sai ka hangi sifana ta leƙo daga aljihun rigarsa. Ya bar mana gida da gona, ya kuma bar mini, ni kaɗai, wata tsohuwar jif ta soja a tsakar gida.

Baba ya yi tuƙi a yaƙin basasa. Ba ya son maganar, mu ma ba ma tambaya. Sau ɗaya na taɓa jin ya buɗe baki, ranar da muke kankare tsatsar ƙofar bayan jif ɗin. Ya ce ya bar irin wannan motar a cikin laka a bakin wani rafi, da abokinsa kwance a bayanta da rauni, ya tafi neman masu turi, bai sami hanyar komawa ba. Daga nan ya ce in miƙo masa tsumma, maganar ta ƙare.

Bayan ya bar soja ya tsinci gawar wannan jif a wurin gwanjo, aka turo ta har gindin darbejiyar gidanmu. Lokacin dangar kara ce ta kewaye gidan, ɗage ta kawai aka yi motar ta shige. Tun daga ranar ya shiga gyara. Yau ya tafi Jahun don ya ji an ce wani makaniki yana da tsohon lagireto, gobe ya dawo daga Kano da fitila ɗaya a naɗe cikin rawani. Ya tara jarka da gorar ruwa da shebur irin na sojan zamaninsa, kowanne ya goge shi ya ɗaure a mazauninsa. Hular kwanonsa kuwa sai da ya ƙwato ta daga hannun Inna, wadda ta daɗe tana ba kaji ruwa a ciki.

Gyara yana tafiya a hankali, gari kuma yana gudu. Dutse ta zama babban birnin jiha, maƙwabta suka tashi katangar bulo, mu ma muka girma muna neman ɗaki. Duk ginin da za a yi sai magini ya ce, "Kofur, motar fa?" Shi kuma ya ce, "A gina, ai da sauran hanya." Da haka har ya rage gurbi ɗaya da ke kallon titi. Daminar da ɗakin Inna na ƙasa ya zube, a wannan gurbin aka yi mata sabo, da izinin Baba, har shi ya riƙe igiyar awo. Tun daga nan babu ƙofar da ta fi ta soro faɗi, ita kuwa babur ma sai an karkata shi.

A gadon asibiti ya kama hannuna ya ce, "Da tayoyinta ta shigo, da tayoyinta za ta fita. Kai za ka tuƙa ta zuwa titi." Na ce to. Wa zai ce wa mahaifinsa a'a a irin wannan wuri?

Wannan "to" ɗin ita ce ta ɗaure ni har yau. Ni malamin makaranta ne, ban san kafireto daga fulogi ba, amma na koya dole. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari, na roƙa aka soke. Na yi ɗan gini a hanyar Kiyawa, maiɗakina ta gaji da tambayar ranar tarewa har ta daina. 'Yan gwangwan sun zo sun ce su yanka ta gunduwa-gunduwa su fitar ta soro, na raka su waje. Abokai sun ce a kwance ta a sake haɗawa a titi, ko a ɗauko motar ɗaga kaya. Duk na ji, amma ba haka ya ce ba. Wallahi akwai ranar da nake kallon motar nan in ji haushinta, in ji haushin Baba, sannan in yi istigfari in ɗauko sifana.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ƙarfen da ya yi shekaru yana yawon nema, yanzu hotonsa kake turawa a waya a aiko maka. Yara suna nuna mini Turawa a bidiyo suna tayar da irin motarsa kafin shayi ya huce. Na san zai yi tsaki ya ce wasa suke. Titunan kwaltar da aka shimfiɗa kuwa za su burge shi, sai dai ya ce 'yan adaidaita-sahu ba su san birki ba.

Bara da kaka na gama komai, saura kan kafireto. Ina ƙarƙashin mota bayan la'asar Inna ta zo ta tsaya da sandarta. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan, ta kusa?"

"Saura ƙarfe ɗaya, Inna."

"To, alhamdulillahi. Na san ɗakina ne ya tare muku hanya. In ta tashi ku rushe, in koma soro. In kuma kana jin nauyi, ka ƙara haƙuri kaɗan, ba daɗewa zan yi a cikinsa ba."

Ta juya ta tafi ba kajinta tsaba. Ni kuwa na daɗe kwance a ƙasa ban iya fitowa ba. A ɗakin nan ta yi takaba, jikin bangonsa take dafawa ta kai bakin ƙofa tunda idonta ya yi rauni. Duk shekarun nan ina tsammanin ƙarfe nake jira, ashe ita ta daɗe da sanin abin da ake jira.

Idan aka tambaye ni abin da ya saura na Kofur Hamisu, zan ce haƙurinsa, da tsabtar aikinsa, da mutumin nan da ya bari a bakin rafi, wanda ban san ko sunansa ba amma nake ɗauke da shi. Ban cika alkawari ba, ban kuma karya shi ba. Allah ya gafarta wa Baba, ya yafe mini jinkiri.

Ƙarfen ya iso tun watan azumi. Yana cikin hular kwano, a naɗe da tsumma, ƙarƙashin kujerar direba. Inna ba ta karanta jarida, wanda kuma ya kai mata wannan labari, ni da shi. Kowace Juma'a takan tambaya, "An samu?" Ni kuma in ce, "Ba a samu ba tukuna, Inna." Sai ta ce Allah ya kawo, ni kuwa har yau ban taɓa cewa amin ba.