Kiraren da Suka Ceci Baba

Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, Baba ya leƙo tsakar gida da sassafe ya ce kowa ya sa takalmi, za mu zaga tafki. Inna ta jingine tsintsiya ta dube shi tun daga hula har silifa. A Zongon Parakou na wancan lokaci mutum ba ya tafiya haka kawai: ko kasuwa, ko gaisuwar rasuwa, ko kuma an biyo shi. Baba direban babbar mota ne tsakanin Parakou da Djougou, zaman kujera ya kumbura masa ƙafafu har suka koma kamar turame biyu, likita ya ce maganinsa tafiyar ƙasa. Inna ba ta yarda ba. Ni da yayata Hajara kuwa mun riga mun rantse allura za a kai mu.

Zamanin juyin juya hali ne, kowa kamarad, kowa kuma yana leƙen kowa. Idon kwamitin unguwarmu shi ne Kamarad Sabi, wani dogo mai keke da ɗan littafi a aljihu, wanda ko akuya ta yi atishawa sai ya rubuta. Telan layinmu ya taɓa yin sati biyu a tsare don an gan shi ya daɗe yana kallon gada. Mun san in aka tafi da Baba, tukunyar gidanmu ta tafi tare da shi.

Hanyar ba wuya, ko kakata da sandarta za ta bi ta tana waƙa. Daga bayan gari sai ka faɗa inuwar itatuwa, kaɗanya da ɗorawa da maɗaci, busassun ganye suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Can sai ruwa ya buɗe, mata suna wanki, Fulani suna shayar da shanu, balbelu sun jeru kamar 'yan lakwal ranar fareti. Ni da Hajara muka manta da allura, muna jifan ruwa da fallen dutse muna ƙirga tsallensa. Inna kaɗai ke waiwaye. Akwai wata sarƙar keke da ke kuka a bayanmu. In mun tsaya ta yi shiru, in Baba ya nuna tsuntsu da yatsa sai littafi ya fito daga bayan bishiya.

Da Inna ta gane hanyar zagaye take, za ta mayar da mu inda muka taso hannu rabbana, sai ta ja rigar Baba. "Malam, wanda ya fita ya dawo ba komai a hannu, me zai ce ya je yi?" Nan take ta baza mu tsintar kirare. Baba, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ɗaukar ko muciya ba, shi aka ɗora wa dami mafi girma, a kan sabuwar hularsa ta Sallah.

A ƙarshen zagayen keke ya sha gabanmu. "Kamarad direba, me kake aunawa a bakin ruwan gwamnati?" Baba ya buɗe baki zai kawo zancen likita, Inna ta take masa kumburarriyar ƙafa. "Aiki muka fito, kamarad," in ji ta. "Ba kullum rediyo ke cewa kowa ya tashi ya yi aiki ba? Ga namu a kai. Kai ina naka?" Kamarad Sabi ya dubi hannuwansa. Sannan a hankali ya waiwaya bayansa, ko shi ma akwai mai rubuta shi. Ya rufe littafi, ya duƙa, ya fara tsinta.

Daga ranar, duk Lahadi muna zagawa, unguwa ta biyo mu, har sai da kirare suka ƙare a dajin, ƙafafun Baba kuma suka koma na mutane.

Yanzu ni likita ya tura, saboda tumbin da ke riga ni shiga masallaci. Gidaje sun cinye rabin itatuwan, matasa suna wuce ni da gorar ruwa, waya tana ƙirga musu taku, ba mai tambayar kowa ina za shi. Baba da Inna sun riga mu gidan gaskiya. Matata da gas take girki, amma bayan kicin ɗinta ya cika da kirare. Har yau ban iya dawowa hannu sake ba.