Talotalo a Mansur da godiyar Inna

Ko zan manta komai na zamana a Makka, ba zan manta yammacin da muka ci talotalo a gidanmu na unguwar Mansur ba. Tun da na shiga ajin manya da girmana ina koyon karatu da rubutu, na ce wa kaina duk ranar da hannuna ya faɗa, wannan labarin zan fara rubutawa.

Ni ne ɗan farin Inna. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta yabona, ko fuskata ba ta cika kallo ba. In tana nemana sai ta ce wa matata, "Ina wancan?" Tare muka zo aikin Hajji daga Kano, muka zauna. Na yi dako a Mina, na tura keken tsofaffi a Harami. Da ƙafafunta suka gaza, ni nake goya ta in sauko da ita daga bene duk Juma'a, in sa ta a keke mu tafi masallaci. Na san kunya ce irin ta iyaye, ba ƙi ba. Amma ga ni da furfura, raina yana son in ji kalma ɗaya daga bakinta kafin ɗayanmu ya riga ɗaya. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ana nan sai autarmu, wadda aure ya kai Amurka, ta zo Umra da mijinta da 'yarsu budurwa. A unguwar Jarwal suka sauka, amma kullum a gidanmu suke yini. Yarinyar tana jin Hausa, sai dai ba ta san hanyoyinmu ba, kuma nan da nan jininsu ya haɗu da Inna. Wata rana ta ce Alhamis mai zuwa ranar godiya ce a can, dangi da abokai suna taruwa a gasa talotalo, a dafa kabewa da dankali. Ta ce bana ne farkon da za ta rasa.

Matata ta ce, "Anya? Bikin Turawa a ƙasa mai tsarki?"

Inna ta dubi jikarta ta ce, "Ke ƙawata, wa ake gode wa?"

"Allah, Kaka."

"To halas. A ce wa wancan ya nemo tsuntsun."

Na sha yawo kafin in same shi. Masu kaji suka yi ta yi mini dariya, har wani ya nuna mini babban kanti inda na tarar da shi a daskare kamar dutse. Da ya saki, matata ta shafe shi da yajin tsire da tafarnuwa, sai muka ga bai shiga murhunmu ba. A kaina na ɗauke shi zuwa wurin mai gasa burodin unguwa, ya ce bai taɓa gasa kazar da ta kai ɗan rago ba. Kabewar da yarinyar take nufin a yi abin zaƙi da ita kuwa, kafin ta waiwaya matata ta mayar da ita miyar taushe. Aka yi waina, aka soya dankalin Hausa, 'ya'yana da aka haifa a nan suka dage sai an haɗa da kabsa, shinkafar Larabawa.

Bayan magariba aka shimfiɗa ledar cin abinci guda ɗaya, maza a wannan gefe, mata a wancan. Abokina mutumin Damagaram, wanda muke tura keke tare, ya zo da iyalinsa. Har mun yi bismilla sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce da saura. A can, sai kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai kafin a ci.

Abokina ya ce, "Ni dai na gode wa Allah da tsuntsun nan bai zo Harami ya ce in tura shi ba." Aka yi ta dariya. Ƙanwata ta yi godiyar ganin Inna da rai, ta kasa ƙarasawa. Ni na ce lafiya da rufin asiri kawai.

Sai aka zo kan Inna. Ta gode wa Allah da Ya zaunar da ita kusa da Ɗakinsa. Ta ambaci auta, ta ambaci surukinta, ta yabi matata da hannunta mai daɗin miya, ta bi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Har abokina ya samu rabonsa. Sannan ta ce, "Yalla, a ci." Na sunkuyar da kai. Na san ba za ta ambace ni ba, amma sai da abin ya taɓa ni.

Yarinyar ta ce, "Kaka, kin manta Kawu."

Uwarta ta mintsine ta, ta ce, "Ke! Ba a haka." Ni kuwa ji na yi kamar in tashi in fita.

Inna ta dubi tiren naman. Can ta ce, "Ke ƙawata, a garinku komai sai an faɗa?" Ta gyara mayafinta. "Ƙafafuna sun daɗe da mutuwa, amma Juma'a ba ta taɓa wuce ni a Harami ba. Na gode wa Allah da Ya karɓi biyu Ya ba ni waɗanda suka fi su."

Ta yagi tsoka daga cinyar talotalon, ta turo gabana ba tare da ta dube ni ba. Sannan ta ce wa matata, "Naman nan ya bushe, miƙo miya."

Na ci tsokar nan hawaye yana zuba a kanta. Abokina ya ce yajin ne ya yi yawa, kowa ya yarda da shi.

Inna ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma tun daga ranar ban ƙara bukata ba. Abin da na koya shi ne, akwai ƙaunar da take zaune a zuciya shekara da shekaru, tana jiran wanda zai tambaya kawai. Ni ban jira a tambaye ni ba. Ɗan farina yanzu ya zama saurayi, kuma har yau bakina yana nauyin sunansa. Amma duk ranar da ya kyauta mini, nakan dube shi a fuska in ce, "Na gode, Allah Ya yi maka albarka."